Kafireto: Maƙogwaron Tsohuwar Mota

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, direbobin da ke lallaɓa tsohuwar Peugeot 504 suka koma sauraren kafireto kamar masu jinya. Shi ne ke gauraya iska da mai. In datti ya toshe 'yar kafar da man ke bi, sai mota ta riƙa shaƙewa a hawa.

A nan ne wasu kanikawa ke ɓarna: su zura waya su yi ta sakace kafar har ta faɗaɗa. Mota ta tashi garau, direba ya biya yana godiya. Kwana kaɗan sai ga baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, man da kan kai shi Zariya daga Kano ya ƙare a hanya. Alhali wankin fetur da hurin iska sun isa.