AGUWA: ITACEN SHINGE DA BA A KULA DA SHI

Duk wanda ya bi ƙauyukan Sakkwato, ko Katsina, ko Daura, ko ƙasar Damagaram, ya ga aguwa jere a bakin gonaki da gefen burtali. Kanawa kuwa suna ce mata aliyara. Amma ko cikin malamai kaɗan ne za su iya faɗin danginta ko tarihinta, don abin da ido ya saba gani ba safai akan tambayi labarinsa ba.

Aguwa gajeren itace ne mai rassa da yawa, masu kauri da taushi. Ba ta da ƙaya. Tsawonta yakan kai ƙafa goma ko fiye. Da damina takan fid da ganye siri-siri, rani na yi sai ta zubar, ta tsaya da ruwan da ta tara a jikinta. Furenta ƙanƙane ne, rawaya-rawaya, a kan bakin reshe, kuma kowane ɗa nata ɗaki uku gare shi. In an karya reshe sai farin ruwa ya tsattsafo kamar madara. Wannan ruwa shi ne alamar yawancin danginta, watau su tinya da rogo da itacen roba. Zurma da bini-da-zugu ma duk gidansu ɗaya.

Masana itatuwa sun daɗe suna muhawara a kanta. A 1789 wani Bature mai suna William Aiton ya rubuta bayanin wata irinta ta tsibiran Kanari, ya sa mata suna Euphorbia balsamifera. A 1911 kuma N. E. Brown ya ba tamu ta bakin Hamada nata suna dabam, Euphorbia sepium, ma'anarsa kuwa "ta shinge". Daga baya aka gama su, aka ce iri ɗaya ne. Sai a 2021 binciken ƙwayoyin halitta ya sake raba su, aka mayar wa tamu sunan da Brown ya ba ta. Likita J. M. Dalziel ma ya sa aguwa cikin littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa, wanda aka buga a 1916.

Babban amfaninta shi ne shinge. Shanu ba su cin ta saboda ruwan nan nata, don haka takan tsare shuka, ta kuma nuna iyakar gona da ta burtali. Shingen ƙaya sai an sabunta shi kowace shekara, a sassare itatuwan daji dominsa. Na aguwa kuwa, in ya kama ya kama ke nan. Har ila yau yana rage ƙarfin iska, ya tare rairayi. Shi ya sa a Nijar da Senegal da Muritaniya ake dasa ta don tsai da tuddan yashi masu cin gonaki.

Dashenta ba wuya. A sari reshe kamar ƙafa biyu, a bar shi 'yan kwanaki bakin saran ya bushe, sa'an nan a kafa shi da bazara kafin ruwa ya sauka. Ba ta bukatar ban ruwa. Fadama ce ba ta so, gama inda ruwa ke kwanciya ruɓewa take yi. Sai dai a yi hattara: ruwanta in ya shiga ido yana da zafi ƙwarai, lalle a gargaɗi yara, a kuma wanke hannu bayan aiki.

To, abin lura shi ne, inda aka tone tsohon shinge don ƙarin kunya biyu ko uku, iyaka ta ɓace, burtali ya tsuke, gobe sai shari'a tsakanin manomi da makiyayi. Ma'aikatan da ke kula da gonaki ya kamata su riƙa hana wannan. Malaman makaranta kuma su sa almajiransu su kewaye lambun makaranta da aguwa a bazara mai zuwa. Kuɗi ba za su fita ba, yara kuwa za su koyi darasin da babu shi a kan allo.