Mawaƙin da Ba Shi da Ubangida

Ana saura mako biyu ko uku a ɗaura aure ake zuwa neman mawaƙi. Galibi ba amarya ce ke zuwa ba. Babbar ƙawa ce, ko wata gwaggo mai faɗa a ji cikin dangi, riƙe da takardar da aka yago daga littafin makaranta. A jikinta an jero sunaye: amarya da ango, iyayen kowanne, kakar da ta goyi yarinyar, kawun da ya ɗauki nauyin gado da katifa, sai ƙawaye da abokan ango. Mawaƙin zai rusuna ya karɓa, ya duba, sannan ya ce, "Gwaggo, wa za a fara ambata?" Tambayar tana da nauyi. Idan sunan kishiyar uwa ya riga na uwa fitowa, ko aka tsallake dangin Maraɗi aka cika waƙar da na Katsina, to ranar kamu za a ga ɓacin rai, kuma wannan zuri'a ba ta ƙara kawo masa aiki.

Da irin wannan takarda matashin mawaƙi mai zaman kansa yake ci, a Kusa da Magama da cikin garin Jibiya. Shi ke tsara baiti, shi ke rerawa, shi ke biyan kuɗin situdiyo, shi ke bin mutane yana roƙon su saurara. Ba kamfanin da ya ɗauke shi, ba mai shirya fim da ke jiran waƙarsa, ba basaraken da zai aiko masa da hatsi da kaka.

A da makaɗi ba ya tafiya haka. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, ci da sha da sutura da doki duk daga fada suke fitowa. Mamman Shata, ɗan Musawa a nan ƙasar Katsina, bai ɗaure kansa a ƙofar sarki ɗaya ba, amma bai taɓa rasa runduna ba: 'yan kalangu, 'yan amshi, maroƙa masu buɗe masa fili. Har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Wanda ya fi kama da yaran yanzu shi ne Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, duniya ta tsaya ta ji. Bambancin kawai, kayan aikin Ɗanmaraya yana rataye a kafaɗarsa, duk inda ya tsaya nan ne dandalinsa. Yaron yau kuwa kiɗansa yana cikin kwamfutar wani, sai ya biya kafin ya ji shi.

Waƙa daga amshi take farawa. Kari zai faɗo masa yana kan babur ko yana tsaron shagon yayansa, sai ya ciro waya ya yi gunguninsa a ciki kafin ya ɓace. Da dare ya zauna da littafi yana auna baituka, yana ƙirga gaɓa da yatsa, yana neman kalmar da za ta zauna a ƙarshen layi ba tare da an tanƙwara ma'ana ba. Nan ake gane mai baiwa. Kowa zai iya jera kalmomi masu ƙarewa da sauti ɗaya. Kaɗan ne ke iya saka sunan kakar amarya a tsakiyar baiti har tsohuwar ta ji kamar don ita aka ƙago karin.

Daga nan sai situdiyo. Ƙaramin aiki ana gama shi a kusa, amma mai son kiɗa mai tsafta yakan hau mota zuwa Katsina, wanda aljihunsa ya yi nauyi kuma ya wuce Kano, titin Gidan Zu, inda harkar fim da waƙa ta yi sansani. Ɗaki ne ɗan ƙarami, an manne bangonsa da soso don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Kwamfuta ɗaya, fiyano ɗaya, makirfo a kusurwa. Janareta an kai shi can bayan gida da doguwar waya, don ƙararsa tana shiga cikin ɗauka. Mawaƙin zai rera amshin da baki, mai kiɗa ya bi shi da yatsu har ya kamo karin, ya jera ganguna, ya sa sarewa, ya sa kalangun da ba fata a jikinsa. Sannan a ce ya shiga ya ɗora murya. Layi ɗaya sai a maimaita shi har maƙogwaro ya bushe, mai kiɗa yana cewa, "Ka sauka daga kan kiɗa, sake." Idan waƙar soyayya ce ana buƙatar muryar mace, ita ma da kuɗinta, kuma ba kowane gida ne zai bar 'yarsa ta shiga situdiyo ba. Shi ya sa 'yan mata ƙalilan ne ke amsa wa mawaƙa da yawa.

Akwai abin da ke damuna a wannan mataki. Manhajar gyaran murya ta zama gishirin kowace waƙa, har ta kai muryar ɗan Jibiya da ta ɗan Zariya da ta ɗan Damagaram duk sun koma iri ɗaya, siririya mai rawa. An ƙirƙiro ta don ta rufe ƙaramin kuskure, yanzu tana rufe mutum gaba ɗaya. Haka ma harshe: yaro ya tashi yana Katsinanci tsantsa, da ya tsaya gaban makirfo sai ya koma Kananci, wai don kasuwa. Shata bai sauya bakinsa don kowa ba, kuma har Agadas da Kumasi an saurare shi.

An gama waƙa, saura ta isa kunne. A wannan yanki ɗan dawunlodin ya fi gidan rediyo tasiri. Yana zaune a rumfa da kwamfutarsa ranar Lahadi, kasuwar Jibiya ta cika, mutanen ƙauye suna miƙo memori a cika musu da wa'azi da fim da sababbin waƙoƙi. Kuɗin turawa nasa ne, ko sisi ba ya kaiwa ga mawaƙi. Amma mawaƙin da kansa yake kawo masa waƙar, wani lokaci har da ɗan na goro, don a cusa ta cikin jerin da ake tura wa kowa. Daga waya ɗaya ta bi Xender ta shiga goma, direban da ke lodin Maraɗi ya sa ta a mota, kafin la'asar ta wuce Magama, ta wuce Ɗan Isa, ana jin ta a wata ƙasa.

Wannan ita ce babbar sa'ar mawaƙin bakin iyaka. Masu sauraronsa al'umma ɗaya ce mai kuɗi iri biyu. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe ya koma arewa ya kafa Maraɗi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can. Auratayya ba ta yanke ba, kasuwa ba ta yanke ba. Don haka wanda ya yi waƙar biki a Kusa ranar Asabar ana iya kiransa Madarumfa wani makon, a liƙa masa sefa, ya dawo ya tsaya wurin 'yan canji. A shekarun da naira ta faɗi, liƙin jaka ɗaya a can ya fi wanda ake yi a nan auki. Ta wannan hanya kuma baiwa ke gangarowa kudu: Binta Labaran, wadda duniya ta sani da Fati Nijar, a Maraɗi aka haife ta, a Kano ta yi suna, kuma ba wanda ya taɓa jin waƙarta ya ce baƙuwa ce.

Sai dai sana'ar da ta dogara da hanya, in an rufe hanya ta kwanta. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020, ta Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Jibiya na ciki, aka yi watanni haka. Mai sayar da waƙa ta waya, a ce ba waya! Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame iyakar har Maris na 2024. A tsakanin nan ƙauyuka sun watse, bikin da ake kwana ana yi ya koma na rana, a ɗaura aure a kai amarya kafin magariba. Wanda ya gudo daga gonarsa yana kwana a makaranta ba ya neman mawaƙi. Samari da yawa masu murya sun ajiye littafin baiti sun koma acaɓa da dako, wasu sun tafi Kano ba su dawo ba.

Intanet ta buɗe wata ƙofa, amma ba kamar yadda yara ke zato ba. Kowa yana tuna 2020, lokacin kullen korona, da "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi, matan aure suna ɗaukar kansu suna taka rawa a gaban mazajensu. Tun daga nan kowane yaro yake jiran tasa ta fashe a TikTok. Gaskiyar lissafin ita ce YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma abin da ake biya kan mai kallo daga Nijeriya ko Nijar bai kai na mai kallo daga Ingila ko Saudiyya ba. Ga kuɗin data, ga kuɗin ɗaukar bidiyo. Abin da Audiomack da Facebook ke kawo wa ƙaramin mawaƙi, a mafi yawan lokaci, suna ne. Sunan ne ke jawo kiran biki, bikin ke kawo kuɗi.

Sai kakar siyasa. Nasarar Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja, tun daga zaɓen 2015, ta sa kowane mai murya a jihar nan yana hangen mota da gida a bayan waƙar ɗan takara. Ba na ganin laifin wanda ya yi wa kansila waƙa ya biya haya. Amma duk wanda ya shiga ya sani ya sami ubangida ke nan, ubangidan da ba shi da haƙurin sarakunan da. Ranar da aka faɗi zaɓe wayarsa ba ta ƙara shiga, kuma rabin garin sun riga sun sa mawaƙin a layin abokan hamayya, ba sa kiransa bikin 'ya'yansu.

A gida ma akwai nasa yaƙin. Har yanzu dattawa da yawa roƙo suke ɗaukar waƙa, kuma in ba gadonta aka yi ba, uba yana jin kunyar a ce ɗansa ne ke wasa mutane don a ba shi. Wasu sukan fara da begen Annabi, don shi ne iyaye ba sa hanawa, daga baya su gangaro. Wanda ya je neman aure kuma sai an tambaye shi, ban da waƙa mece ce sana'arsa. Shi ya sa da wuya ka ga wanda bai riƙe ɗinki ko gyaran waya ko aski a gefe ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne waƙarsa ta kansa, wadda ba wanda ya yi odarta. Sai ya yi ta biki uku ko huɗu kafin ya tara kuɗin shiga situdiyo da ita. A cikin irinta ne ake jin ambaliyar da ta ci Jibiya a Yulin 2018, da uwar da ke jiran ɗan da aka ɗauke a gona, da saurayin da lefe ya gagara. Ita ce ba ta kawo ko kwabo, kuma ita ce aka fi sacewa. Wani mai tasha zai ɗora ta da nasa hoton ya kwashi masu kallo, ko wanda ya fi shi suna ya ɗauke karin ya sauya kalmomi. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023, Nijar ma tana da hukumarta ta kare haƙƙin masu fasaha, amma yaron da ke Kusa bai taɓa ganin ofishin ko ɗaya ba. Sau da yawa ko asalin aikin ba ya hannunsa: muryar da kiɗan suna cikin kwamfutar mai situdiyo, ba takarda tsakaninsu, shi dai an tura masa kwafi ɗaya a waya. Ranar da kwamfutar ta ƙone, ko aka sami saɓani kan cikon kuɗi, aikin shekara biyu ya tafi. Waɗanda suka daɗe a harkar yanzu sukan zo da filas ɗinsu, su biya ƙari a zuba musu komai, murya daban kiɗa daban, kafin su bar ɗakin.