Bugun Zuciya Ba Daidai Ba: Shirin Zuwa Ganin Likitan Zuciya Karo Na Farko

Jama'ar zango, iyaye da matasa, da yawa daga cikinmu muna jin zuciya tana dukan uku-uku ko tana tsallake bugu, sai mu ce gajiya ce. Wani lokaci hakan ne. Amma akwai irin rikicewar bugun da ke sa jini ya daskare a cikin zuciya, gudan jinin ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka idan an tura mu wajen likitan zuciya, a Korle Bu ta Akra, ko Komfo Anokye ta Kumasi, ko babban asibitin Tamale, kada mu yi wasa da ranar.

Shiri yana farawa tun daga gida. Sau da yawa zuciya takan daidaita kafin mu shiga ɗakin likita, don haka bayaninmu shi ne abin da zai fara aiki da shi. Mu samu ɗan littafi mu riƙa rubuta ranar da abin ya taso, minti nawa ya ɗauka, me muke yi a lokacin, kuma ko ya zo da jiri ko haki. Mu ɗora yatsu biyu a wuyan hannu mu ƙirga bugun na minti ɗaya cur. Ga babban mutum da ke hutawa, tsakanin 60 da 100 ne daidai.

Ranar tafiya mu riƙe takardar da aka tura mu da ita, da katin inshorar lafiya, da sakamakon tsofaffin gwaje-gwaje. Mu zuba duk magungunan da muke sha a leda, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari. Kada mu ɓoye yawan goro, ataya, kofi ko taba, domin suna iya tayar da bugun. Mu kuma tambayi dangi ko akwai wanda ya yi ciwon zuciya ko ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya.

Gwajin farko shi ne ECG. Ana manna 'yan wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, ba zafi, cikin 'yan mintoci an gama. Kada mu shafa mai a ƙirji ranar, don yana hana su mannewa. Iyayenmu mata suna iya roƙon ma'aikaciya mace. Mai yiwuwa a ba mu ƙaramar na'ura mu kwana da ita awa 24 ko 48, ko a yi hoton zuciya da gwajin jini.

Matasa, ku raka su Baba da Mama. Dattijon da Turanci ko Twi bai zauna masa ba yana buƙatar mai fassara da mai rubuta abin da aka ce. Mu tambayi sunan ciwon, da amfanin kowane magani, da yadda za a sha shi a lokacin azumi, da ranar dawowa.

Amma idan bugun ya zo da ciwon ƙirji, suma, ƙarancin numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, ba a jiran ranar alkawari. A kira 112 ko a garzaya asibiti nan take. Allah ya ƙara mana lafiya.