Jujin Gure: kowace mota da ƙarfin ƙasar da za ta taka

Garin Gure, hedikwatar ƙasar Muniyo, yana gabashin Damagaram da nisan kilomita wajen 160, a kan babbar hanya mai lamba 1. Tun da aka shimfiɗa Hanyar Haɗin Kai zuwa Ngigmi a farkon shekarun 1970, da taimakon ƙasar Kanada, manyan kamiyo suke ratsa garin. Sai dai nauyin da kwalta ke ɗauka, rairayi ba ya ɗaukarsa, kuma a kan rairayi ake zubar da shara.

Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade cewa faɗin babbar mota kada ya wuce mita 2,55, tsawonta zuwa sama mita 4, mai gatari biyu kuwa kada nauyinta da kaya ya haura tan 18. Wannan ma'auni na kan titi ne. A juji, ƙasa ta fi taushi: ƙarƙashinta toka ce da leda da ruɓaɓɓen taki. Idan kamiyo ta ɗaga bayanta domin juye kaya, nauyi yakan hau sama. Taya ɗaya ta nutse kaɗan, sai motar ta kife. Direban da ke ja da baya kuma ba ya ganin yaron da ya duƙa yana tsintar ƙarfe, balle akuyar da ke kiwo.

Maganin ba mai tsada ba ne. Wajibi ne hukumar gari ta raba mashiga biyu, ɗaya ta amalanken jaki da baro, ɗaya ta motoci. A zuba wa wurin juyewa jar ƙasa, a daɓe shi ya daidaita. A ware wa manyan motoci lokacinsu, a sa mai gadi ya tsaya inda direba ke hangensa ta madubi, kada mota ta motsa sai ya ɗaga hannu. Wadda ta fi ƙarfin wurin ta tsaya a bakinsa, amalanke ya ƙarasa aikin.

Iyaye ma da nasu nauyin, domin yawanci yara ake aike da kwandon shara. A gargaɗe su su zubar a gefen amalanke, su koma gida. Rigakafi dai ya fi magani.