Koya Wa Yaro Tsare Jikinsa Ba Batsa Ba Ne

Kusan duk lokacin da aka koma makaranta sai saƙon nan ya sake zagayowa a WhatsApp: wai iyaye su yi hattara, ana koya wa 'yan firamare batsa a aji. Wannan ya tura wa wancan, kafin la'asar an gama yanke wa malamai hukunci, alhali cikin masu turawar da wuya ka sami wanda ya taka ƙafa ya je makarantar ɗansa ya ga me ake koyarwa. Abin ya ishe ni.

Tsoron yana da tushe. A 2023 gwamnatin Kano ta haramta Queen Primer da wasu littattafai saboda kalaman da ba su dace da yara ba. Kafin nan, a Nuwamban 2022, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta cire ilimin jima'i daga manhajar matakin farko, ya ce aikin iyaye ne da malaman addini. Sa ido a kan littafi wajibi ne. Amma laifin wani littafi bai isa ya sa a rufe bakin malamar da ke koyar da wanke hannu, zama da abokai lafiya, illar ƙwaya, da sanin cewa akwai wuraren da ba a taɓa wa mutum a jikinsa ba.

Maganar da na fi ji ita ce: “Idan ka faɗa wa yaro, ka buɗe masa ido.” Haba jama'a! Wane idon? Yaron da ke karɓar wayar yayansa da dare, yake jin hirar 'yan majalisar ƙofar gida? Idonsa a buɗe yake, abin da ya rasa shi ne babban da zai nuna masa daidai da ba daidai ba.

Kuma tun yaushe wannan ilimi ya zama baƙo a wurinmu? A Islamiyya da makarantar zaure yaranmu ke karanta Ahalari da Ishmawi, inda ake bayanin tsarki da wankan janaba da jinin haila ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Suratun Nur ta koyar da yara neman izini a lokuta 3 kafin su shiga wurin manya. Hadisi ya yi umarni a raba musu shimfiɗa idan sun kai shekara 10. Babu wanda ke cewa malamin fiƙihu ya lalata tarbiyyar ɗalibansa da wannan karatu. To, don me magana mai irin wannan manufa za ta zama fitsara da zarar an yi ta a gaban allon aji?

Ga abin da shirun ke jawowa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da tallafin UNICEF a 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 a Najeriya sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Mai aikata wannan ɓarna galibi sananne ne: maƙwabci, ɗan uwa, mai shagon da ake aiken yarinya wurinsa. Jarinsa alewa ce da barazana, da kuma tabbacin cewa yaron ba zai iya faɗa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Talauci da talla da cunkoson ɗaki su ma suna da nasu kason.

Saboda haka, malamai, ku yi magana daidai da shekarun yaro. Ɗan aji 1 ya ishe shi ya san abin da wando da riga suka rufe nasa ne, ba a gani, ba a taɓawa, ko da kawu ne. Ku koya masa ya ce a'a, ya gudu, ya faɗa, in ba a saurare shi ba ya faɗa wa wani. Bayanin balaga a bari sai aji 5 ko 6, a ware mata da malama, maza da malami. Yarinya ta san al'ada kafin ta gan ta, kada ta ɓoye tana kuka tana zaton ciwo ne. Shugaban makaranta ya kira taron iyaye da malamai ya baje littafin a gabansu tun farkon zango.

Iyaye, ku riƙa buɗe jakar makaranta kuna dubawa. Ku daina tilasta wa yaro zama a cinyar baƙo da sunan ladabi. Idan ya kawo ƙara, kada a tare shi da “rufe mana baki, maƙaryaci!” Idan abin ya riga ya faru, a garzaya asibiti kafin awa 72 su cika, don a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala na Kano da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu. Sulhu a zauren mai unguwa don rufin asiri zalunci ne na biyu.

Kafin ka sake tura saƙon nan, je ka makarantar ɗanka ka tambaya. In ka ga ɓarna, ka kai ƙara. In ka ga tarbiyya ce, ka ƙarfafa wa malamar gwiwa, ka ɗora daga inda ta tsaya a gida.