Kwamfutar da ke tambayar maƙwabta

Duk ɗan kasuwar hatsi a Gusau ya san farashin masara ba ya tashi shi kaɗai. In ya motsa a Tsafe, kan hanyar Funtuwa, ba a jimawa sai a ji shi a Gusau, daga nan ya zarce Bunguɗu ta hanyar Sakkwato. Mota ce ke ɗaukar farashi, ba kusancin da ido ke gani a taswira ba. Masana lissafi na zana irin wannan tsari a matsayin raga: garuruwa su ne ƙulli, hanyoyi su ne zare, farashi kuwa adadi ne da ke rataye a kowane ƙulli. Leonhard Euler ne ya aza harsashin wannan ilimi a 1736, da yake nazarin gadoji bakwai na birnin Königsberg.

Ƙirƙirarriyar basira ba da raga ta fara suna ba, da hoto ta fara. Tun 1989 Yann LeCun ya koya wa kwamfuta karanta lambobin da aka rubuta da hannu, ta hanyar amfani da 'yar matatar lissafi da ke bin hoto lungu-lungu tana gwama kowane ɗigo da na kewayensa. Abin ya yi sauƙi ne don ɗigogin hoto a jere suke, kowanne da maƙwabta takwas, an san sama an san ƙasa. Raga ba ta da wannan ladabi. Gusau na da hanyar Funtuwa, da ta Sakkwato, da ta Ƙauran Namoda, da ta Ɗansadau. Wani ƙauye kuwa turba ɗaya tal ke kai mutum cikinsa. Ta ina matatar za ta bi?

Joan Bruna da abokan aikinsa suka fara buɗe ƙofar a 2013, amma lissafinsu na da nauyi. A 2016 Defferrard da Bresson da Vandergheynst, a birnin Lausanne, suka sauƙaƙa shi, sannan Thomas Kipf da Max Welling na Amsterdam suka ƙara rage masa kaya. Dabarar ita ce kowane ƙulli ya tattaro abin da ke wurin maƙwabtansa, ya auna, ya haɗa da nasa. A zagaye na farko Bunguɗu na jin labarin Gusau. A na biyu labarin Tsafe ya iso mata ta bakin Gusau. In zagaye ya yi yawa kuma, sai kowa ya koma kama da kowa, bambanci ya ɓace. Da dangin wannan dabara Google Maps ya inganta hasashen lokacin isa a 2020, da ita kuma manhajar GraphCast ke hasashen yanayin kwana goma tun 2023.

A ganina, wahalar a Zamfara ba ta lissafi ba ce, ta zaren ce. Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu take, amma kan hanyar Tsafe take zaune. Wanda ya zana raga daga takardar mulki zai ɗaura ta inda ba nan motocinta ke bi ba. Hanyar da ake bi da hantsi, ba mai kusantarta bayan magariba saboda 'yan bindiga. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar, kasuwannin mako-mako kuma na rufe bisa umarnin gwamnati: zare ya tsinke, bayanan da za a gane hakan da su ma suka ɗauke. Kwamfutar da aka horar da ragar bara za ta ci gaba da ba da amsa, ko gezau.

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke son gwada wannan kan farashin hatsi ko yaɗuwar kwalara zai sami manhajar kyauta a intanet. Ragar ce babu a can. Tana wurin direbobi da 'yan kamasho da dillalan hatsi, waɗanda suka san hanyar da aka bi makon nan da wadda aka ƙaurace wa, kuma sai ya koma tasha ya sake tambayarsu mako mai zuwa.