Jagaba da Madugu: Matsalar Kalmomin Fiɗa da Robo a Hausa

1. Gabatarwa

A asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950 cikin yankin Malbaza, majinyata daga Ƙonni da Illela sukan ji bayanin fiɗa da Hausa kafin su amince a yi musu aiki. Amincewar da ba fahimta a cikinta kuwa ba amincewa ba ce. Don haka muke ganin ya kamata a tanadi kalmomin sababbin dabarun fiɗa tun yanzu. A nan za mu duba uku daga cikinsu.

2. Yadda aikin yake

A 1987, Philippe Mouret ya cire maɗaciya a Liyon ta ƴan ƙananan kafofi, da taimakon kamara, ba tare da tsaga ciki ba. A 2000 Amurka ta amince da na'urar da Vinci. A 2001 Jacques Marescaux, yana Niw Yok, ya yi wa wata mata aiki a Sitirasbur.

Abin da masu bincike ke nema shi ne na'ura ta gane inda kamara take a cikin jiki, tana kuma zana taswirar wurin a lokaci guda. Wahalar ita ce, ciki ba ya tsayawa wuri ɗaya: numfashi da bugun zuciya suna motsa gaɓoɓi, iskar da ake hurawa don a buɗe fili tana sake musu siffa, danshi yana ƙyalli, hayaƙin ƙona nama yana rufe kamara. Hoton sikana da aka ɗauka jiya ba lalle ne ya dace da cikin yau ba.

3. Kalmomi

(1) robot: an saba cewa «mutum-mutumi». Amma ga manomin albasa na Galmi, wannan abin korar tsuntsaye ne. Kuma kalmar tana sa a zaci na'urar tana aiki da kanta, alhali likita ne ke sarrafa hannuwanta. Mun fi son aron «robo».

(2) cartographie: «taswira» tana nuna abu tsayayye. Muna ba da shawarar «taswira mai sabuntuwa», domin sigar aikatau mai ƙarewa da -u tana nuna abin da ke karɓar canji.

(3) navigation: «jagora» tana tuno da ɗan jagoran makaho, wato sai a ɗauka likita ba ya gani. Ayarin fatake ya ba mu mafita: jagaba ke gaba yana duba hanya, madugu ke yanke shawara. Saboda haka robo jagaba ne, likita madugu.

4. Kammalawa

Waɗannan shawarwari ne kawai. Sai an gwada su a bakin tafintocin asibiti da majinyatan Adar kafin su shiga ƙamus. Ma'aunin shi ne: in majinyaci ya tambayi wanda ke riƙe da wuƙa, shin kalmarmu ta ba shi amsar gaskiya?